Yadda Jaji Ya Shiga Takalmi

A Kutemeshi in aka ce Jaji, ƙafarsa ake fara tunawa kafin fuskarsa. Fuskar ba ta da wani abin magana, irin ta kowa ce, hanci a tsakiya, kunnuwa a gefe. Amma ƙafa! Kai ka ce ƙafar aka fara yi, sannan aka ɗora sauran mutumin a kai don kada a gan ta tana yawo ita kaɗai. Faɗinta kamar faifai, tafinta kamar bayan tsohon kasko, diddigen kuwa ya tsattsage har tururuwa kan shiga cikin kaushin su sha inuwa in rana ta yi zafi.

Tun da aka haife shi bai taɓa sa takalmi ba. Kuma ba rashi ba ne. Yana yaro mahaifinsa ya sayo masa na roba daga kasuwar Birnin Gwari da Sallah, washegari aka tarar ya zuba wa tattabaru ruwa a ciki. Ranar ɗaurin aurensa da Huraira ya sha babbar riga da hula mai aiki, ƙasa kuwa ƙafa ce tsirara tana ta baza ƙura. Dangin amarya suka riƙa kallon sama don kada idonsu ya sauka.

Shi kuwa alfahari yake yi. Ya ce duk garin nan babu wanda ya kai shi saurin fita daga masallaci, don ba ya tsayawa laluben komai a ƙofa, kuma babu ɓarawon takalmin da ya taɓa sa shi baƙin ciki. In ya shiga dajin Kamuku neman zuma, masu takalmi ne ke bin bayansa, shi yana gaba yana murƙushe ƙaya. An ce kunama ta taɓa harbinsa a tafin ƙafa, bai sani ba sai da aka nuna masa ita tana jan wutsiya a karye. Wannan dai shi ya faɗa. Ba a samu kunamar ba balle a ji ta bakinta.

Amma abin da Jaji ya fi ƙauna a duniya, fiye da ƙafar ma, shi ne takensa na gayya.

Kowace damina in lokacin huɗa ya yi, manoman unguwar, Musulmi da Kirista, sukan haɗu a gonar Wakili, wadda ta fi kowace gona tsawo. Kowa ya kama kunyarsa da garma, Maikuɗi makaɗi yana biye da gangar noma. Wanda ya riga kowa kai ƙarshen kunyar ƙarshe shi ke da take, shi kaɗai za a riƙa kaɗa wa a biki da suna har shekara ta zagayo. Al'adar kuma tana da sharaɗi. In aka kayar da mai take damina ɗaya, sai a ce ajizanci ne, a bar masa abinsa. In aka sake kayar da shi a damina ta biye, take ya bar gidansa ke nan, ba ya dawowa.

Tun Jaji na saurayi take ke gidansa. Da Maikuɗi ya daki ganga ya ce, "Ƙafar dutse, ƙafar dutse, ƙaya ta gan ka ta koma gida," sai ka ga Jaji ya kumbura kamar talotalo, ko da a tsakiyar cin tuwo ne.

To bara sai abu ya faru. Ana tsakiyar kunyar ƙarshe, Jaji ya ji ƙirjinsa na bugawa ya fi gangar Maikuɗi sauri. Gonar Wakili ta fara juyawa a hankali, itatuwan ɗorawa suka koma bibbiyu. Ya dafa garma, ya durƙusa, ya zauna daɓas a cikin kwari.

Japheth, abokinsa tun suna kamun gyare, wanda ya shekara da shekaru yana cin ƙurar diddigensa a gayya, ya zo wucewa ya ɗan tsaya.

"Jaji, lafiya? Ko ƙwai kake kwanci a kai? In sun ƙyanƙyashe ka ajiye mini zakara."

"Ƙasar nake dubawa," in ji Jaji yana haki. "Ina so in ga ko ta sha ruwa sosai."

"To duba da kyau. In ka gama ka same ni a ƙarshe."

Haka Japheth ya ci damina ɗaya. Saura ɗaya take ya koma gidansa.

Jaji ya ce sammu ne. Ya ce rana ce. Ya ce Huraira ce ta rage gishiri a miya. Amma har aka yi girbi ƙarfi bai dawo ba. Buhun masara da yake sungumewa da hannu ɗaya ya koma sai ya yi masa sallama tukuna, ya zagaya shi, ya kira mutum. Leɓensa ya yi fari. In ya tashi tsaye da sauri sai ya ga taurari da rana tsaka.

Sai kuma wani abu da bai gaya wa kowa ba. Akwai katangar bayan gidansa, kusa da turken akuyar Huraira, wadda aka gina da jar ƙasar shuri. Wata rana yana wucewa ƙanshinta ya bugi hancinsa, miyau ya cika masa baki. Ya duba hagu, ya duba dama, babu kowa sai akuya. Ya ɓantari ɗan kaɗan ya jefa a baki. Wallahi ya ji kamar ƙuli-ƙulin da aka toya da safen nan.

Daga ranar katanga ta shiga uku.

Huraira ta ga rami ya fara fitowa, ta kama akuya da faɗa.

"Ke wace irin dabba ce? Ga harawa, ga dusa, sai gini?"

Ta gajarta mata igiya. Rami ya ci gaba da girma. Ta mayar da turken can gindin gwanda. Rami bai fasa ba. Ta tsaya ta ƙare masa kallo, ta ga ya kai tsayin kafaɗar namiji.

"Baban Rahma, zo ka gani. Akuyar nan tsani take hawa ne?"

Jaji ya zo ya duba da fuskar mai nazari. "Akuyoyin yanzu ba a raina su," ya ce. "Ki dai ƙara sa ido."

Huraira ta juya ta jawo turmi. Ta daka barkono, irin ƙananan nan masu sa mutum ya tuna zunubansa, ta kwaɓa da ruwa ta shafe ramin tas. Bayan azahar tana tankaɗe a tsakar gida sai ta ji tari daga bayan ɗaki, tari mai haɗe da salati. Akuya dai ba ta salati. Jaji ya fito idanu jawur, hawaye na zuba, jar ƙasa a gemu.

"Ruwa, Huraira! Ruwa!"

Ta miƙa masa moɗa, ta jira ya shanye. "Sannu, Baban Rahma. Ashe kai ne akuyoyin yanzu."

Washegari ta sa shi gaba har ɗakin shan magani, inda Sista Grace take aiki. Sista Grace 'yar garin ce, Jaji ya san ta tun tana goye a bayan uwarta. Ta ja fatar idonsa ƙasa, ta buɗe tafin hannunsa, ta girgiza kai.

"Baba, ina ka kai jininka? Cikin idon nan ya kamata ya yi ja, ga shi fari kamar nono."

"Yana nan, 'yata. Hutawa yake yi."

"Gini yake ci," in ji Huraira. "Ya kusa buɗe mana taga."

Sista Grace ta danne dariya ta ce ba hauka ba ne, ba kuma sammu ba. In jini ya yi ƙaranci sosai, wasu mutane kan ji kwaɗayin ƙasa. Abin nema shi ne inda jinin ke tafiya. Ta ɗebi ɗigon jini a yatsarsa, wanda ya sa mai ƙafar dutse ya yi ƙara har jinjirin da ke layi ya daina nasa kukan ya juyo. Sannan ta ba shi 'yar ƙaramar roba mai murfi ta ce gobe ya kawo bayan gidansa, ɗan kaɗan, kamar ƙwayar wake.

Jaji ya ga robar ta yi masa ƙanƙanta. Mutum kamarsa, a ce abin da zai kawo wa ma'aikata ke nan? Washegari ya iso da gwangwanin madara babba, an ɗaure bakinsa da leda, yana riƙe da hannu biyu kamar kayan gaisuwa. Layin ya watse, kowa ya tuna yana da aiki a waje.

Da aka duba, Sista Grace ta kira shi ta ce ya sa ido a madubin nan mai girmama ƙananan abubuwa. Ya rufe ido ɗaya ya leƙa. Ya ga wasu abubuwa zagaye-zagaye kwance kamar ƙwan zabi.

"Waɗannan fa?"

"Ƙwan tsutsa ne, Baba. Iyayensu na cikin hanjinka, sun kafa baki suna shan jininka kullum. Kai ka noma, su su sha."

"Ta ina suka shiga? Ni ban haɗiyi tsutsa ba."

"Ta ƙafa."

Jaji ya yi dariya har sai da jiri ya ɗebe shi. Ya ɗaga ƙafa ya ɗora a kan benci, bencin ya yi ƙara. "Wannan? 'Yata, ƙusa ta gwada ta lanƙwashe."

Sista Grace ta sunkuya gaban ƙafar. Ta ɗauki tsinken tsintsiya ta soka a hankali tsakanin babban yatsa da na kusa da shi. Jaji ya yi tsalle ya ƙyalƙyale kamar budurwa.

"Ka ji? Tafin dutse ne, amma nan fatar jariri ce. Nan ce ƙofarsu."

Ta yi masa bayani. Mutanen da ke zagayawa bayan gari kusa da fadama suna barin ƙwan a ƙasa. In ƙasa na da laima sai su ƙyanƙyashe, 'ya'yan ƙanana ne ido ba ya ganinsu. Mai tafiya ba takalmi ya taka, su huda fata su shiga jini, jini ya kai su huhu, mutum ya yi tari ya haɗiye su, su sauka hanji su zauna.

"Wato duk sun zagaye ni," in ji Jaji, "kamar ɗan acaɓa mai neman fasinja."

"Sun kuma samu. Yanzu ga ƙwaya, ka tauna a gabana, ita za ta kashe su. Ga wasu na ƙarin jini, kullum za ka sha, kada ka tsorata in bayan gidanka ya yi baƙi. Ka ci wake, ka ci hanta in ta samu, ka ci zogale da rama da alayyahu. Tuwo zalla ba ya gina jini. Ku haƙa masai. Sannan ka sa takalmi."

Jaji ya ce ƙwaya zai sha, masai zai haƙa, amma ganye abincin akuya ne.

"Ka riga ka ci katangarta," in ji Huraira. "Ƙarasa da ganyen."

"Takalmi kuwa," ya ce, "ba a haife ni da shi ba."

"To ka zauna," in ji Sista Grace. "Su koma ciki, Baba Japheth ya karɓi take. Na ji har ya fara koya wa matarsa rawar."

Ranar kasuwa Jaji ya hau mota zuwa Birnin Gwari. Ya bi rumfunan takalma ɗaya bayan ɗaya. Wani mai rumfa ya kawo mafi girman abin da yake da shi, yatsu uku suka shiga, biyu suka tsaya a waje suna kallo. Wani da ya hango ƙafar tun daga nesa ya ce, "Alhaji, mun tashi," alhali ko azahar ba a yi ba.

A ƙarshe Munzali mai faci, wanda ke da rumfa a bakin tasha, shi ya ce zai gwada yanka masa na taya.

"Kawu, taka kwalin nan in zana."

Jaji ya taka. Kwali ya ɓace.

"Bari in ƙaro wani."

Tayar babur ba ta isa ba, ta ƙaramar mota ma haka. Sai da Munzali ya mirgino tsohuwar tayar tirela daga bayan rumfa, ya yanka da wuƙa yana gumi, ya yi maɗauri da tsohon tiyub. Da Jaji ya saka ya miƙe, ya ƙara tsawo, ya yi taku ɗaya ƙasa ta amsa.

"Kawu, ba ya son iska, ba ya faci," in ji Munzali. "In ya cinye ka dawo in juya maka shi."

Da ya sauka a mota bai bi babbar hanya ba, don kada a gan shi. Ya yanke ta 'yar siririyar hanyar da ta bi gefen daji ta ɓullo bayan gari. An ɗan yi yayyafin ƙarshen damina, ƙasa ta yi laushi.

Da safe masu zuwa gona suka ga sawun taya a hanyar. A ƙasarmu kuwa baƙon sawun taya daga wajen daji ba abin wasa ba ne. Nan da nan mata suka koma gida da tulunansu, 'yan sa-kai suka fito, Japheth na cikinsu. Suka tsaya a kan sawun suna kallon juna. Tirela ce, babu shakka. Amma hanyar ko jaki da kaya da ƙyar yake wucewa. Kuma tirelar tsalle take yi, taya nan, taya can. Suka bi a hankali. Tirela ta tsallake kwata. Tirela ta ratse bayan wata sabara ta ɗan tsaya, har ta bar alamar ta yi fitsari. Tirela ta bi ta tsakanin rumbuna biyu, ta shiga zauren Jaji.

Suka leƙa da sanduna a ɗage. Ga Jaji zaune a tabarma, kwanon kwaɗon zogale a gabansa, yana taunawa da fuskar mai zaman makoki, tayoyi biyu a jingine da bango.

Japheth ya zauna a ƙasa don dariya. "Direba! Ina kwandasta? Kaya nawa ka ɗauko?"

"Ka yi ta yi," in ji Jaji. "Damina na zuwa."

Abin mamaki, ba a jima ba Jaji ya kamu da son takalmin. Yakan wanke shi da sabulu, ya shafa masa man gyaɗa har ya riƙa sheƙi. Da shi yake zuwa kasuwa, da shi yake zuwa suna da ta'aziyya. A masallaci yakan ajiye shi a ƙofa ba fargaba, don ɓarawon da zai ɗauka sai ya zo da amalanke. Jini kuma ya fara dawowa, leɓe ya yi ja, buhu ya daina samun sallama. Huraira ta liƙe ramin katanga, ta mayar da akuya turkenta.

Rani ya yi nisa, Jaji na ta ban-ruwan tumatir da albasa a fadama. Sai wata safiya Huraira ta ga sabon liƙin nan an ɗan ɓantare shi a gefe. Ba ta ko dubi akuya ba. Ta ɗauki mayafi.

"Baban Rahma, tashi mu je."

Sista Grace ta ja fatar idon, ta yi tsaki. Aka sake dubawa, wannan karon Huraira ce ta riƙe 'yar robar don kada a maimaita gwangwani. Ƙwai sun dawo.

"Baba, kana sa takalmin kuwa?"

"Kullum! Dube shi, ko ƙura babu."

Ta duba. Gaskiya ne, ko ƙura babu. Nan ta fara zargi.

"A fadama fa?"

Jaji ya kalle ta da tausayi. "Fadama? Sabon takalmi a cikin taɓo? 'Yata, ke ba ki san darajar kaya ba. Da na isa nake cirewa in rataye a mangwaro. In na gama in wanke ƙafa in saka."

Sista Grace ta dafe kai da hannu biyu. "Baba, a kasuwa da masallaci wa zai shige ka? Tsutsar a fadama take! Ka kai takalmi ko'ina sai inda ake nemansa."

"To ai lalacewa zai yi."

"Tayar tirela ce! Ta je Legas ta dawo ba ta lalace ba, sai a gonar albasarka?"

Ya sake tauna ƙwaya. Amma yanzu lokaci ya ƙure, gajimare sun fara haɗuwa ta gabas, jini kuwa ba a cika shi kamar tulu. Sista Grace ta gaya masa gaskiya: in ya kiyaye, zai iya samun ƙarfi kafin huɗa. In tsutsa ta sake shiga, ya manta da take.

Huraira ta karɓi ragamar. Ta ɗaure takalmin a ƙotar garma da igiya, ba ya ɗaukar ɗaya sai da ɗaya. Wake da safe, zogale da rana, miyar alayyahu da yamma, har akuya ta fara kallonsa kamar abokin gaba. Ran nan sai ga Japheth da diga a kafaɗa, ya ce ya zo taya shi haƙa masai, shi ma ya haƙa nasa, ya kuma yi wa masu gonakin fadama magana.

"Me ya kai ka?" in ji Jaji.

"Ba na son in karɓi take a hannun majinyaci. Sai a ce tsutsa ce ta ba ni. Ka warke in kayar da kai da kyau."

Ranar gayya gonar Wakili ta cika. Mata sun jera tukwanen kunu a gindin ɗorawa, Huraira na cikinsu, idonta a kan ƙafar mijinta. Jaji ya shigo da tayoyinsa, matasa suna yi masa hon da baki. Maikuɗi ya daki ganga, garemani suka faɗa ƙasa.

Kunyoyin farko Jaji ya ji nauyin takalmin, taɓo na manne masa, kowane taku kamar yana ɗauke da tubali. Amma ƙirji bai buga ba, ɗorawa ba ta koma biyu ba. Da aka zo kunyar ƙarshe sauran duk an bar su a baya, saura shi da Japheth kafaɗa da kafaɗa.

Sun wuce rabi sai aka ji tas! Maɗaurin takalmin dama ya tsinke. Taya ta tsaya a taɓo, ƙafa ta rataye a sama.

Jaji ya tsaya da ƙafa ɗaya kamar shamuwa. Ga ƙasa a gabansa, mai laima, mai sanyi, irin wadda ƙafarsa ta saba da ita tun haihuwa. In ya watsar da ɗayan ma, ya san zai tashi kamar iska. Japheth ya riga ya ba shi tazara.

"Baban Rahma!" Muryar Huraira ta tsaga gonar. "Ka taka ƙasar nan, wallahi da katanga za ka yi sahur bana!"

Jaji ya duba, babu igiya, babu rama kusa. Sai ya cusa hannu ƙarƙashin taguwa ya zare mazagin wandonsa. Ya mayar da ƙafa kan taya, ya naɗe da mazagi, ya ƙulle tam, ya ɗauki garma.

Garma kuwa hannu biyu take so. Sara na farko wando ya sauka zuwa cinya. Na biyu ya kai gwiwa. Allah ya taimaka taguwar doguwa ce, kuma akwai gajeren wando a ciki, wanda Huraira ta ɗinka masa da ragowar atamfarta mai zanen kifi. Jaji bai tsaya ba. Ya riƙa sara yana tsalle, wando na ja a ƙasa, taya na fatsa taɓo, kifaye na leƙowa duk sanda iska ta ɗaga taguwa.

Mata suka saki guɗa da dariya. Maikuɗi ya ɓata kiɗa. Japheth ya ji hayaniya ya waiga, abin da bai kamata ya yi ba ke nan. Ya ga tirela na tahowa da wando a idon sawu da kifaye a baya. Ya yi ƙoƙarin sara, dariya ta ƙwace garmar. Ya sake ɗagawa, Jaji ya zo daidai da shi ya ce cikin haki, "Matsa, babu birki." Japheth ya faɗi a kwari yana riƙe ciki.

Jaji ya kai ƙarshen kunya, ya kafa garma, ya tsaya a kan ƙafafunsa. Bai zauna ba, bai duba ƙasa ko ta sha ruwa ba. Ya dai sunkuya ya ja wandonsa sama.

Japheth ya iso yana share hawaye ya kai ƙara wurin Wakili, ya ce ba da ƙarfi aka kayar da shi ba, da kifi ne. Wakili, wanda shi ma rawaninsa ya warware don dariya, ya ce tun kakanni ba a taɓa hana mutum noma da wando a ƙasa ba, kuma babu wanda ya aiki Japheth ya waiga. Take ya zauna gidan Jaji.

Sai dai Maikuɗi ya ce akwai gyara. Shi ba ya kaɗa ƙarya, ba zai ce ƙaya ta ga ƙafar dutse ba alhali ƙafar na cikin taya. Ya gyara zaman ganga ya daka sabo: "Tirelar Kutemeshi, ba birki, ba mazagi, a ba ta hanya!"

Jaji ya ɓata rai ya ce shi ba wannan ya yi wa wahala ba. Maikuɗi ya sake dakawa. A karo na uku aka ga kafaɗar Jaji ta fara motsi da kanta. Ya riƙe wando da hannu ɗaya ya shiga fili, ƙasa na amsawa, Japheth na gabansa yana yi masa kwandasta.

Har yau da takalmin yake shiga fadama, ko da yake in ya dawo yakan wanke shi kafin ya wanke fuskarsa. Katanga ta warke, ba a sake taɓa ta ba. Huraira ta ce sai ya ba akuya haƙuri kan sharrin da ya bari aka yi mata. Ya je turke da damin zogale, ya tsaya ya yi tunani, ya raba biyu, ya ba ta ƙaramin.